Ƙusa ko kol: da me ake kafa layin ƙaramin jirgin ƙasa na kwaikwayo a kan katako a zafin Yamai?

Sabon_Direba:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina neman shawarar manya. Katakon shimfiɗa ya kammala: kontirplake ne mai kaurin milimita 10, tsawo santimita 244, faɗi 122, an yi masa firam da ƙafafu. Layin na ma'aunin HO ne, wato 1 bisa 87, guntaye na kamfanin Piko masu kwana lamba R2 da R3, sai mai lanƙwasuwa na Peco guda shida, da egiyaj huɗu na canza hanya. Ɗakin a Talladje yake, rufin kwano, babu na'urar sanyi. In kafa layin da ƙusa ne, ko da bis, ko in manne shi da kol? Kuma dole ne sai an sa wani abu tsakanin layi da katako?

Baba_Dogo:
Wa alaikumus salam, ɗana. Kada ka kafa komai tukuna. Shimfiɗa layin yadda kake so ya zauna, ka tokare shi da ƙananan ƙusoshin allo a tsakanin silifa, wato guntayen robar da ke kwance ƙarƙashin dogo, ba tare da ka huda su ba. Sai ka sa jirgi ya yi mako guda yana zagaya. Gwada tarago mafi tsawo da kake da shi, kuma ka tura jerin taragu da baya su ratsa kowane egiyaj, domin a tafiyar baya aibi ke fitowa. Duk inda ya goce ka gyara. In ya daina gocewa, ɗauki fensir ka bi gefen silifa hagu da dama ka zana a kan katakon. Wannan zanen shi za ka bi ranar kafawa.

Kafintan_Katako:
Malam Direba, leƙa ƙarƙashin katakon ka faɗa mana sandunan gicciye nawa ne. Milimita 10 a faɗin 122 ba zai tsaya da firam na gefe kaɗai ba, tsakiya za ta lotsa. Ana son sanda kowane santimita 30 zuwa 40, a ɗaure da bis da kol tare. Sannan a yi masa fenti ko barni fuska biyu har da bakin gefe, shafa biyu. Wanda ya shafe sama ya bar ƙasa, damina na zuwa ƙasan zai sha laima shi kaɗai, katakon ya banƙare kamar kwanon suya.

Sabon_Direba:
Sanda biyu ce kawai a tsakiya, Malam Kafinta. Fenti kuma ba a yi ba.

Kafintan_Katako:
To ƙara aƙalla huɗu. Kuma tun kafin ka ɗaura su, huda ramuka biyu ko uku a kowace sanda, faɗin ɗan yatsa, don wayoyi su wuce.

Ader_HO:
Gaisuwa daga Tawa. Ni ina wajen masu ƙusa, kuma ga yadda aikin yake. Ƙusar layi ake nema, siririya, kaurinta bai wuce rabin milimita da ɗan abu ba, tsawo 12 zuwa 14. Ƙusar kahinta ba ta wanga aiki, tana tsaga silifa. Layin Peco mai lanƙwasuwa ba ya zuwa da huda, kai za ka huda da mahujin hannu, meshi na 0,6 ko 0,7, ka ɗan shiga cikin icce kamar milimita 3 don ƙusa ta samu hanya. Kada ka buga da guduma kai tsaye, bugu ɗaya in ya kuskure ya sauka kan dogo, ya bar lotso da ba ya gyaruwa. Kama ƙusar da siririn awartaki ka danna ta a hankali. Inda layi ya miƙe, ƙusa ɗaya kowane santimita 15 ta isa. A kwana, kowane 6 zuwa 8.

Babban abin kiyayewa: kan ƙusa ya taɓa silifa kawai, kada ya danne ta. In ka matse, silifar tana lotsawa a tsakiya, dogayen biyu su karkato ciki, tazarar milimita 16,5 da ke tsakaninsu ta ragu. Ido ba ya gani, amma tayar jirgi tana ji, sai ka ga kan jirgi yana ɗan ɗagawa a wuri guda kullum. Gwajin shi ne ka iya zura gefen takarda tsakanin kan ƙusa da silifa.

Hajiya_N160:
Malam Ader ya faɗi gaskiya kan yadda ake sa ƙusa, amma bai ambaci ƙara ba. Katako mai faɗi irin wannan ganga ne. Kowace ƙusa da ta ratsa silifa ta shiga cikinsa, hanya ce da rugugin taya zai bi ya sauka. Ko ka shimfiɗa liyej, wato fallen ɓawon icce mai laushi, a ƙasa, ƙusar ta riga ta haɗa sama da ƙasa, amfanin liyej ɗin ya ragu sosai.

Ni manni nake ba da shawara, da mastik akirilik, irin farin nan na toshe tsagar bango da ake matsawa da bindiga. Matsa siririn zare a tsakiyar zanen fensir, ka baje shi da tsohon katin roba har sai kana iya hango fensirin ta cikinsa. In ba ka ganin zanen, ya yi yawa, zai kumburo tsakanin silifa. Kada ka shafa fiye da tsawon layi ɗaya a lokaci guda, domin a iskar nan tamu fuskarsa kan bushe cikin 'yan mintoci. Ɗora layi, daidaita, sa guntun katako mai santsi a kan dogo, ka jera gwangwanaye ko kwalaben ruwa a kai har kwana ɗaya. Ranar da kake son cirewa, siririyar wuƙar fenti za ka zura a ƙasa, layin ya taso lafiya.

A kula, akirilik na ce, ba silikon ba. Silikon fenti ba ya kama shi, kol ɗin tsakuwar da ake zubawa a gadon layi ma ba ya kama shi, kuma mai warin binegar ba ya shiri da ƙarfe.

Talladje87:
Kol ɗin masu gyaran takalmi fa, Hajiya? Shi ne ke ko'ina, kuma yana riƙo.

Hajiya_N160:
Riƙonsa ne matsalar, ƙanena. Da layi ya taɓa shi ya zauna ke nan, babu damar matsar da shi ko da milimita ɗaya, alhali daidaita kwana sai da 'yan gyare-gyare. Kuma yana narkar da farin soso na kwalin firiji, in da shi aka yi tudu. Wajen manna liyej a kan katako yana da amfani. Wajen layi, a'a.

MaiDalma:
Ko ƙusa ko kol, akwai ayyuka uku da ake gamawa kafin layi ya zauna, don bayan nan sun zama wahala.

Wayar wuta: a liƙa ta da dalma a ƙasan dogo tun layi yana hannu, a kife. Kankare wurin da magagari, sa ɗan dalma a dogo, sa a bakin waya, sannan ka haɗa su da taɓawa ɗaya ta daƙiƙa biyu ko uku. In ka daɗe silifa za ta narke. Huda ramin milimita 2 a katako daidai wurin, waya ta sauka. Kowane tsawon layi mai lanƙwasuwa ya samu wayarsa, kada a dogara da 'yan maɗauran dogo su kai wuta, ƙurar hunturu tana shiga cikinsu.

Ramin motar egiyaj: ko ba ka da motar yanzu, huda ramin milimita 8 zuwa 10 daidai ƙarƙashin sandar da ke motsa harsunan egiyaj. Huda shi daga baya ta ƙasa, meshi na iya fasowa ya cinye sandar.

Na ukun, goge bakin kowane dogo da ka yanka. Ƙaramin tsini a cikin baki ya isa ya ɗaga taya.

Injiniya_Lazare:
Har yanzu ba a taɓo abin da ya fi damun mu a Yamai ba, kuma mai tambaya ya ce rufin kwano. Dogon nan da ake ce wa nikel-silba gaurayen jan ƙarfe ne da nikel da tutiya, yana miƙewa kusan milimita 0,017 a kowace mita idan zafi ya ƙaru da digiri ɗaya. Ɗauka asubar Janairu ɗakin yana digiri 15, azahar ɗin Afrilu yana 45. Bambanci 30 ke nan, wato rabin milimita a kowace mita. Zagayen da zai cika katakon 244 da 122 ya kai wajen mita 6, ka ga milimita 3 na ƙarfe da dole su samu inda za su shiga. In babu wuri, dogo zai yi wa kansa wuri: ya kantare gefe kamar maciji, ko ya fizge daga 'yan haƙoran robar da ke riƙe shi.

Saboda haka silifa ake kafewa, dogo kuma a bar shi yana zamewa a cikin haƙoransa. A kowace mahaɗa ta layi miƙaƙƙe a bar ɗan giɓi. Girman giɓin ya danganta da ranar da kake aiki. In cikin sanyi kake shimfiɗawa, bar rabin milimita a kowace mita. In cikin bazara ne, dogon ya riga ya miƙe, kaurin takarda ɗaya ko biyu ya isa.

Kafintan_Katako:
Injiniya, lissafinka daidai ne, amma rabin labari ne. Katako ma yana motsi, ba don zafi ba, don laima. Kuma a nan garin su biyun sukan haɗu a kanmu lokaci ɗaya. Maris da Afrilu iska ta bushe ƙarƙaf, katako ya tsuke, a daidai lokacin da dogo ya fi miƙewa. Agusta kuma katako ya sha laima ya buɗe, dogo ya ɗan ja baya, giɓi ya yi faɗi. Kontirplake motsinsa kaɗan ne saboda fallayensa a gicciye suke, amma sandunan firam in ɗanyen katako ne suna ja da ƙarfi. Wanda ya saya a kasuwar Katako ya jingine shi a ɗakin da zai zauna mako biyu ko uku kafin ya yanka.

Injiniya_Lazare:
Na karɓa, Malam Kafinta. Sai a ƙara da cewa wanda ya shimfiɗa layi cikin Agusta ya bar giɓi kamar na mai aiki cikin sanyi, kada ɗumin ranar ya ruɗe shi.

Talladje87:
To ai MaiDalma kullum cewa yake a liƙe mahaɗa da dalma. In an liƙe ina giɓin?

MaiDalma:
A kwana kaɗai. Layi mai lanƙwasuwa in mahaɗarsa ta faɗo tsakiyar kwana, ƙarfen yana son komawa miƙe, sai mahaɗar ta yi gwiwa, kuma a gwiwar nan taragu ke sauka. Maganinsa: haɗa tsawo biyu da dalma tun suna miƙe a kan tebur, cire silifa biyu ko uku kusa da mahaɗar don dogo ya samu wurin zamewa, sannan ka lanƙwasa su tamkar abu ɗaya. Dogon ciki zai fito ya fi na waje tsawo, ka yanke rarar. Silifar da ka cire, aske haƙoranta ka zura ta a ƙasa daga baya. Kada abin da aka liƙe ya wuce tsawo biyu, kusan santimita 183 a na Peco tunda kowanne 91,4 ne. Giɓin sai ya koma farkon layi miƙaƙƙe ta kowane gefe.

Dan_Gamkalle:
Tunda ana maganar dogo da zafi, akwai wanda ya taɓa tunanin kwaikwayon layin Yamai zuwa Doso? Tashar Yamai ɗin nan da aka buɗe a 2014 tana da kyau a yi ƙaramarta, da jar ƙasa da bedi a gefe.

Baba_Dogo:
Za ta yi kyau, amma a sani wancan layin mai faɗin mita ɗaya ne, irin na Kwatano zuwa Paraku. A ma'aunin 1 bisa 87, mita ɗaya tana ba da milimita 11,5, shi ya sa masu kwaikwayonsa ke amfani da layin HOm mai milimita 12. Na 16,5 yana wakiltar babban layi ne mai milimita 1435. Wanda bai damu da wannan ba ya yi da abin da ke hannunsa.

Dan_Gamkalle:
Na gode Baba. Ashe sai an sake jirage gaba ɗaya.

Sabon_Direba:
Allah ya saka. Saura rabin tambayata ta biyu, abin da ake sawa a ƙasa. Liyej ɗin da Hajiya ta ambata ban gan shi a kasuwa ba.

Hajiya_N160:
Tambayi masu sayar da kayan mota, suna da falle na liyej da ake yanka gasket da shi, mai kaurin milimita 2 ko 3. Shi ne ɓawon iccen nan da ake toshe kwalba, an niƙa an matse. Na 3 ya fi dacewa da HO. Yanka shi tsiri-tsiri, faɗinsa ya ɗara silifa da milimita 3 ko 4 kowane gefe. A kwana kada ka tilasta wa tsiri mai faɗi, raba shi biyu a tsaye ka manna kowane rabi yana bin zanen tsakiya. Bayan ya bushe, naɗe samfefa a guntun katako mai tsawon taƙi ɗaya ka goge samansa, musamman inda tsiri biyu suka haɗu. Tudun rabin milimita a ƙarƙashin egiyaj ya isa ya hana harshe rufewa.

In liyej ya gagara, siririyar tabarmar roba mai laushi irin ta motsa jiki tana yi, in dai ba ta wuce milimita 3 ba. Amma da ita manni ne dole, ƙusa tana nutsar da layi a cikinta.

Talladje87:
Kwali fa? Akwai mai kauri mai toka-toka.

Kafintan_Katako:
Bar kwali. Ruwan kol ɗin tsakuwa zai kumbura shi, kuma abincin gara ne. Tunda an zo nan, ƙafafun teburin kada su zauna kan siminti kai tsaye, sa musu takalmin roba ko ƙarfe, kuma a bar tazara tsakanin katako da bango don a riƙa leƙawa.

Ader_HO:
In koma kan maganar Hajiya ta ƙara. Gaskiya ne ƙusa tana kai ƙara, amma ranar da aka zuba tsakuwa aka jiƙa ta da farin kol, ta bushe ta zama dutse tun daga dogo har icce, ƙarar ta dawo ko da mi aka manna layin. Don haka ni ban ga ribar da mastik ya ci ba ga wanda zai sa tsakuwa. Kuma ga sabon hannu ƙusa tana da rangwame: kwana ta karkace, zare ƙusa ukku ka gyara cikin minti biyar.

Hajiya_N160:
Shi ya sa ake barin liyej ya fi tsakuwa faɗi a wuraren da ba a gani, ko a shimfiɗa shi a duk filin tasha, don tsakuwar ta ƙare a kan liyej, kada ta taɓa katako. Bambancin yana jiyuwa, Malam.

Baba_Dogo:
Ku biyun ana iya haɗa ku. Ƙusa ta riƙe na wucin gadi, rabinta a waje, jirgi ya yi ta gudu har bazara ɗaya ta wuce a ga inda layi zai motsa. Sannan a zuba tsakuwa a manne, in ta bushe a zare ƙusoshin duka. Tsakuwar ce za ta riƙe layin. Bayan an zare, a bi layin da mayen ƙarfe. Ƙusa ɗaya da ta ɓuya, maganaɗisun motar jirgi zai tsince ta ya kai cikin giya.

Yantala_Rail:
Kan tsakuwa, yashin kogin Isa yana yi in an gyara shi. Tsakuwar layin gaske tana tsakanin santimita 3 da 6, in ka raba da 87 ka samu kusan milimita 0,35 zuwa 0,7. Tankaɗe da rariya biyu: mai faɗin ido ta cire manya, ta shayi ta zubar da gari, abin da ya rage a tsakiya shi ne naka. Wanke har ruwa ya fito garau, shanya ya bushe sarai, sannan ka sa mayen ƙarfe cikin leda ka yi ta juya shi a ciki. Baƙin garin da zai manne a ledar shi ne wanda da zai tafi cikin mota.

Zubawa da cokalin shayi, bajewa da busasshen buroshi, kada ƙwaya ta kwanta kan silifa ko ta jingina da cikin dogo. Fesa alkol na kantin magani ko ruwa mai ɗigon sabulun wanke kwano har ya jiƙe, in ba haka ba kol zai dunƙule a sama ya tashi tsakuwar. Farin kol na kafinta kashi ɗaya, ruwa kashi biyu, ɗigon sabulu, a ɗiga da sirinji. Sama kan bushe da wuri a nan, amma a ba shi kwana biyu kafin jirgi ya hau. A duba gwangwanin kol: mai alamar D2 ruwan ɗumi yana sake jiƙa shi in ana son ɗaga layi, mai D3 an yi shi ne don ya jure ruwa.

MaiDalma:
Egiyaj dai a yi masa sassauci. Ba kol, ba ƙusa, ba tsakuwa mai manni a silifa uku da ke kewaye da sandar motsi. Layin da ke gabansa da bayansa sun isa su riƙe shi. Yayin da kol ɗin kusa yake bushewa, a riƙa motsa harsunan lokaci-lokaci.

Dan_Gamkalle:
Bis fa ba wanda ya ce komai a kansa.

Ader_HO:
Bis na layin da ya zo da gadonsa na roba ne, irin Märklin C ko Kato, wanda ke da gurbin bis a jikinsa. A siririyar silifa kan bis ya cika girma, kuma rabin juyi na ƙari ya isa ya lotsa ta.

Sabon_Direba:
Na fahimta. Zan ƙara sanduna, in yi fenti, in nemo liyej, in fara da ƙusa rabi a waje kamar yadda Baba ya ce. Sai dai wani abu ya taso: ƙofar ɗakin ba za ta fitar da 244 da ƙafafunsa ba in an tashi ƙaura. Ina tunanin raba katakon biyu tun yanzu.

Injiniya_Lazare:
Raba shi yanzu, kafin fenti. Kowane rabi da firam ɗinsa, a haɗa su da bulo biyu masu noti na milimita 8 da turaku biyu na ƙarfe masu shiga gurbi, don bulo kaɗai yana da wasa. A bakin mahaɗar ne kawai ake kafe dogo kansa. Cire silifa biyu kowane gefe, ɗaura ƙananan bis na tagulla a ƙarƙashin kowane dogo, juya su har kansu ya taɓa ƙasan dogo daidai, liƙa da dalma, sannan ka yanke dogayen da siririn zarto a kan layin rabuwar. Layin ya ratsa mahaɗar a miƙe, ba a kwana ba, kuma ba kusa da egiyaj ba. Tunda nan ya zama kafaffe, giɓin zafi na gaba kada ya yi nisa da shi.

MaiDalma:
Wasu suna amfani da guntun allon lantarki mai fuskar jan ƙarfe maimakon bis. Yana da kyau, amma a tsaga jan ƙarfen a tsakiya da magagari, fuska biyu in mai fuska biyu ne, a gwada da mitar lantarki kafin a kunna wuta. In an manta, dogayen biyu sun haɗu ke nan.

Hajiya_N160:
A wurin mahaɗar kuma liyej bai dace ba, yana matsewa da lokaci, dogo ɗaya ya fi ɗaya tudu. Sa guntun katako mai kauri ɗaya da liyej ɗin, faɗin santimita 3 kowane gefe. Malam Direba, egiyaj ɗinka huɗu a wane gefe suke? In suna tsakiyar doguwar fuska, daidai inda zarto zai bi ke nan, sai an matsar da su ko a raba katakon 140 da 104.